Babi na Huɗu: Gandun da Ba Shi da Gayauna

Wanda ya kama hanyar Aliero daga Jega a watan Maris, hancinsa ne zai fara gaya masa inda ya dosa. Albasa ce ko'ina. An tsibe ta a bakin gonaki, ana ɗura ta a buhuna, 'yan dako na ta jigilarta zuwa manyan motocin da za su kwana a hanya kafin su sauke a Legas ko Anaca ko Fatakwal. A daidai wannan lokacin ne kuma farashinta ke faɗuwa warwas, domin kowa ya cire tasa kusan lokaci guda, kowa kuma bashi na jiransa a ƙofar gida: na taki, na man injin ban ruwa, na 'yan ƙwadago. Mai ɗan hali ya zuba tasa a rudu ya jira kasuwa ta tashi, ko da wata za ta ruɓe. Marar hali ya sayar yau, yadda dillali ya yanke. Kafin shekara ta ƙare buhun nan da aka saya a wulaƙance ya ninka kuɗinsa, amma ya daɗe da barin hannun wanda ya yi watanni yana ba shi ruwa.

A ƙarƙashin manomin ma akwai wani. Shi ne yaron da ya taso daga wani ƙauye na Maiyama bayan an gama girbin gero, ya zo neman aikin rani. Shi ke dashe, shi ke kora ruwa daga fangali zuwa fangali, shi ke cira. Da yamma a sallame shi, ya sayi abin da zai ci, ya ƙulle ɗan abin da ya rage. Ko albasa ta yi tsadar zinariya, shi nasa ya ƙare tun ranar da aka ƙirga masa a tafin hannu.

Bahaushe ya daɗe da yi wa wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai bai taɓa zama ya gina tsarin mulki sukutum a kan karin maganar ba. Wani Bajamushe ne ya yi haka, kuma an yi zamanin da kusan sulusin mutanen duniya ke zaune a ƙarƙashin gwamnatocin da ke rantsuwa da sunansa.

Abin da Marx ya gani

An haifi Karl Marx a garin Trier na Jamus a 1818. Ɗan jarida ne mai kaifin alƙalami, gwamnatoci suka yi ta korarsa daga wannan ƙasa zuwa waccan har ya yada zango a Landan a 1849, inda ya zauna cikin talauci da bashi har mutuwarsa a 1883. Amininsa Friedrich Engels ɗan masu kuɗi ne. Mahaifinsa na da hannun jari a wata masana'antar zare a Mancesta, kuma a can Engels ya ga yara ƙanana suna wuni a gaban inji, suna kwana a lungunan da ko jaki ba a so a ɗaure. Su biyun suka fitar da ɗan littafin manufofin kwaminisanci a 1848, sannan a 1867 Marx ya fitar da kundin farko na babban littafinsa, Das Kapital.

In aka tankaɗe dubban shafukan nan, abu huɗu ke saura a rariya.

Na farko shi ne aji. A ganin Marx, in kana son fahimtar kowace al'umma, kada ka fara da sunan sarkinta. Fara da tambayar wa ke da gona, wa ke noma ta. Ubangida da bawa, mai ƙasa da manomi, mai masana'anta da lebura: bukatunsu ba sa taɓa zama ɗaya, kuma tirka-tirkar da ke tsakaninsu ita ce ke tura tarihi gaba.

Na biyu shi ne rarar gumi. Mu ƙaddara aikin yini na yaron nan na Maiyama ya ƙara wa gona darajar naira dubu goma, aka biya shi dubu huɗu. Ina dubu shida ta tafi? Mai gona zai ce ƙasar tawa ce, injin nawa ne, in ambaliya ta zo ko kasuwa ta karye ni zan kwana da asara. Marx zai tambaye shi: kuɗin injin daga ina? Daga rarar gumin 'yan ƙwadagon bara. Masana tattalin arziki da dama sun ƙi wannan lissafi, suna cewa kasada da dabara da bukatar mai saye duk suna cikin abin da ke yanke farashi. Amma duk wanda ya taɓa wuni a gonar wani ya san tambayar ba ta banza ba ce.

Na uku shi ne mallaka. Marx bai damu da rigarka ko tukunyar matarka ba. Idonsa na kan abin da ake haifar da arziki da shi: ƙasa, ma'adinai, masana'antu, bankuna, layin dogo. Ya ce muddin waɗannan na hannun 'yan tsiraru, sauran jama'a ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu, don haka a mai da su na kowa da kowa.

Na huɗu shi ne hanya. Masu dukiya ba za su miƙa ta da lalama ba, saboda haka sai ma'aikata sun yi juyin juya hali, sun riƙe mulki da ƙarfi na wani ɗan lokaci. Da zarar aji ya gushe, in ji shi, ita kanta gwamnati za ta yanƙwane ta faɗi don kanta, tunda ba sauran wanda za ta danne. Daga nan kowa ya yi aikin da zai iya, ya ɗebi abin da ya ishe shi.

Akwai na biyar da ba a iya ɓoyewa. Marx bai yarda da Allah ba, ya ɗauki addini a matsayin abin da wahala ke haifarwa, wanda zai tafi in wahala ta tafi. Wannan kaɗai ya isa ya rufe wa kwaminisanci tsantsa ƙofar yawancin gidajen ƙasar Hausa.

Abin da muka gane tun kafin a fassara mana

Duk da haka, da maganar gurguzu ta iso nan, ba ta zo wa kunne a baƙuwa ba. Mun san gandu: uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya, maigida ya biya haraji, ya yi wa saurayi auren fari. Mun san gayya, inda samarin unguwa ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya a yini. Mun san zakkar hatsi, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga na ban ruwa, wadda ke cewa talaka na da haƙƙi a rumbun mai hali.

Sai dai a lura da yadda kakanninmu suka gina gandun. A gefensa akwai gayauna, wadda wasu ke kira ƙurga: 'yar gonar da ɗa ke nomawa da yamma ko ranar hutu, abin da ya fito nasa ne, ba mai tambayarsa. Gandun kuma yana da ƙofa. In uba ya cika son kai, ko ya rasu wa ya kasa riƙe ƙanne da adalci, sai a raba, kowa ya kama gabansa. Mai gandu ya san da haka, sanin nan kuwa shi ne linzaminsa.

Da wannan kunne aka saurari NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Sanarwarta ta farko ta yi maganar aji ƙarara: masu riƙe da mulkin En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen. Malam Aminu Kano ya haɗu da 'yan gurguzun Ingila lokacin da yake karatu a Landan, amma in ya hau duro, da Alƙur'ani da littattafan Shehu da na Malam Abdullahi yake kafa hujja. 'Yan jam'iyyar sun sha ɗauri da bulala. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ta shiga kurkuku fiye da sau goma. A 1979 magajiyar NEPU, wato PRP, ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ba a yi shekara biyu ba jam'iyyar ta tsage gida biyu, santsi da taɓo, kuma a ranar 23 ga Yuni, 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe. Zaren bai tsinke ba. Ɗan Jega, Attahiru Jega, shi ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, zamanin da sojoji suka haramta ta har sau biyu, daga baya kuma ya riƙe cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ke Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu.

Masu ra'ayin talakawa a Arewa sun ɗanɗana mulkin jiha, amma ba su taɓa riƙe ƙasa duka ba tare da abokin hamayya ba. Ba a gwada su da gwajin da ya kayar da wasu ba.

Gimbana, da washegarin nasara

Kafin mu tafi Rasha, mu tsaya a Gimbana, domin ba sai mutumin Jega ya tsallaka teku ba kafin ya san cewa rabon ganima ya fi yaƙi wuya.

Malam Abdussalami Ba'are ne, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da zama ya yi tsami tsakanin Jama'ar Shehu da sarakunan Gobir, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, daga nan jihadi ya kankama. Cikin laifuffukan sarakuna da Shehu ya jera a Kitabul Farƙi akwai harajin da shari'a ba ta san da shi ba, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki, da ƙwace dukiyar talaka.

An ci yaƙi. A 1812 aka raba kula da ƙasa, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi. Abdussalami, wanda a kan mutanensa wutar ta fara kamawa, aka ba shi Sabiyal, a ƙasar Aliero ta yau, da 'yan garuruwa. Daga baya aka mai da shi Kware, kusa da Sakkwato. Ya ga an yi masa ƙwauro. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya aika wa Bello wasiƙu yana kukan rabon da aka yi, da zaluncin da ya ce wasu masu iko na yi. Bello kuwa ya tuhume shi da haɗa kai da abokan gaba. Magana ta ƙi, aka koma ga takobi. Kware ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya rasu a Bakura sanadiyyar raunin da ya samu, 'yan watanni kafin a haifi Marx. Ba kuma shi kaɗai ya yi kuka ba. Malam Abdullahi kansa, ana tsakiyar yaƙi, ya taɓa barin runduna ya nufi gabas don ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa. Mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, jagora ga masu mulki.

Jihadin Shehu ba gurguzu ba ne, ko kusa. Na kawo shi ne don abu biyu. Ɗaya, in har almajiran Shehu sun yi jayayya a kan rabo, to babu wata tafiya, komai tsarkin niyyarta, da za ta wanke waɗanda suka yi nasara daga son zuciya. Na biyu, a duba abin da aka yi da muryar wanda aka kayar. Bello ya kwafe wasiƙun Abdussalami a littafinsa Sardul Kalami. Daga alƙalamin abokin gabarsa muka san kukansa. Buhari ɗan Abdussalami kuma ya sami sulhu da Gwandu, ya kafa Jega wajen 1820, kasuwarta ta zama cikin manyan kasuwannin yammacin daula, Gimbanawa na riƙe da sarautarta har yau. A riƙe wannan, za mu bukace shi a Mosko.

Wa zai riƙe rumbun?

Tun Marx na raye wani ɗan Rasha, Mikhail Bakunin, ya nuna masa ramin da ke tsakiyar amsarsa. Ma'aikata miliyan ba za su zauna a kujera ɗaya ba; wasu 'yan kaɗan ne za su zauna da sunansu, kuma ranar da lebura ya zama mai mulki, ya daina zama lebura. Aka kori Bakunin daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a 1872. Tarihi ya ba shi gaskiya cikin hanzari.

A ƙarshen 1917 jam'iyyar Lenin ta ƙwace mulki a Rasha da alkawarin zaman lafiya da ƙasa da abinci. Aka yi zaɓen majalisar tsara mulki, ta sami kusan rubu'in ƙuri'u kawai. Majalisar ta zauna yini ɗaya a Janairun 1918, aka rufe ta da bindiga. Kafin nan an riga an kafa 'yan sandan ciki, Cheka. A Maris na 1921 sojojin ruwan Kronstadt, waɗanda suka dafa wa juyin tun farko, suka nemi a yi zaɓe na gaskiya. Aka murƙushe su, a watan kuma aka haramta ɓangaranci a cikin jam'iyyar kanta. Duk wannan kafin Stalin ya zama mai wuƙa da nama. Ya tarar da gida an cire masa ƙofofi, nasa kawai ya shiga.

Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu da dabbobinsu a gandun gwamnati. Manomi mai ɗan hali, irin mai shanun huɗa da ɗan ƙwadago ɗaya ko biyu, aka laƙaba masa suna kulak, maƙiyin jama'a. Kusan mutum miliyan 1.8 aka kwashe zuwa Saiberiya da wasu wurare masu nisa a 1930 da 1931. Manoma suka gwammace su yanka shanunsu da su miƙa, garken ƙasar ya ragu da kusan rabi. Gwamnati ta ci gaba da kwasar hatsi don ciyar da birane da sayarwa waje. A 1932 da 1933 yunwa ta kashe fiye da mutum miliyan biyar, akasari a Yukren da Kazakistan.

Dokoki biyu na wannan lokaci sun isa su nuna wa manomi yadda abin yake. Ta 7 ga Agusta, 1932 ta yanke kisa ko ɗaurin shekara goma a kan satar dukiyar gandu, kuma da ita aka hukunta har masu tsintar zangarniyar da ta zube bayan girbi. A nan, kala haƙƙin tsohuwa da maraya ne, ba mai gonar da zai kore su bai ji kunya ba. A can ta zama laifin kisa. Ta biyu, a Janairun 1933 aka hana manoman Yukren barin yankinsu. A ƙasar Hausa in yunwa ta zo, mutum ya tafi cin rani. Su an tare musu hanyar.

Sannan wuƙar ta juyo gida. A 1937 da 1938, bisa takardun gwamnatin kanta, an harbe kusan mutum 680,000. Zinoviev da Kamenev da Bukharin, abokan Lenin, duk an kashe su. Aka bi Trotsky har Meziko aka kashe shi a 1940. Khrushchev ya faɗa wa taron jam'iyya a 1956 cewa cikin mutum 139 da aka zaɓa kwamitin tsakiya a 1934, an kama 98 an harbe. Ba a kwafe wasiƙar kowa ba. Hatta fuskokinsu an goge daga tsofaffin hotuna.

A ƙasar Sin, Mao ya zarce haka a 1958. Aka haɗe ƙauyuka a manyan ganduna, aka karɓe 'yan gonakin gida, aka hana girki a gida sai a madafar gayya, aka narka tukwanen ƙarfe da fartanya wai ana ƙera ƙarfe. Jami'in ƙauye, don tsoron a ce bai yi ƙoƙari ba, ya ninka yawan girbin a takarda. Na gunduma ya ƙara nasa. Gwamnati ta karɓi kasonta bisa lissafin ƙarya, ta bar manoma da rumbu wayam. Ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao gaskiya a taron Lushan na 1959, aka tuɓe shi. Bayan wannan wa zai sake buɗa baki? Ƙiyasin waɗanda yunwar ta kashe ya kama daga miliyan 15 zuwa sama da miliyan 40.

Afirka ma ta ɗanɗana. A Habasha, gwamnatin Mengistu ta karkashe dubban matasa a ƙarshen shekarun 1970, da yawansu 'yan Markisanci ne irinta, bambancin ƙungiya kawai. Maƙwabciyarmu ta yamma, Jamhuriyar Benin, ta rungumi aƙidar a 1974 a hannun Mathieu Kérékou. Kafin 1989 bankuna sun durƙushe, albashi ya gagara. Aka kira taron ƙasa a Fabrairun 1990, Kérékou ya sha kaye a zaɓen 1991, ya miƙa mulki. A shekarar ce aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a ƙarshenta kuma Tarayyar Sobiyet ta wargaje.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Tarayyar Sobiyet ta kawar da jahilci a ƙasar da yawancin mutanenta ba sa karatu, ta karya rundunar Hitler, ta riga kowa aika mutum sararin samaniya a 1961, ta taimaki masu yaƙin neman 'yanci a Afirka, ta koyar da ɗalibanmu likitanci da injiniyanci. Tsoronta ma ya sa 'yan jari-hujjar Turai sassauta wa ma'aikatansu. Amma da wane farashi, kuma an tambayi waɗanda suka biya?

Inda cutar take

Wasu kan ce an yi rashin sa'ar shugabanni ne kawai. Rashin sa'ar da ta maimaita kanta a Mosko da Bejin da Addis Ababa ta wuce a kira ta tsautsayi. Ginin ne ke haifar da ita. A Jega, in dillali ya cuce ka, mako mai zuwa ka nemi wani. In mai gona ya matsa maka, ka koma gonar maƙwabcinsa. 'Yanci ne ɗan ƙarami, na mai yunwa, amma akwai shi. To ka ƙaddara mai gona da dillali da mai shago da alƙali da ɗan sanda da mai gidan rediyo duk mutum ɗaya ne. Wanda ya saɓa masa, wurin wa zai ci abinci? Shi ma mai mulkin ya cuci kansa, domin wanda kowa ke tsoro ba ya jin gaskiya, sai ya yi ta yanke hukunci bisa rahoton masu neman tsira da wuyansu. Ajin da aka ce za a kawar kuma ya dawo da sabuwar riga. Milovan Djilas, wanda ya kai mataimakin shugaban Yugoslabiya, ya bayyana a 1957 cewa jami'an jam'iyya sun zama sabon aji: dukiyar ba da sunansu take ba, amma su ke juya ta. Ya sha ɗauri a kan haka.

Abin lura, inda duk aka sami sauƙi, gayauna ce ta dawo. A 1935 Stalin kansa ya halatta wa manoma 'yan gonakin bayan gida, kuma a shekarun baya waɗannan, da ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma ba, su ke ba da kusan rubu'in amfanin gonar ƙasar. A 1978 manoma 18 na ƙauyen Xiaogang a ƙasar Sin suka taru a ɓoye, suka dangwala yatsa a takarda cewa za su raba gonar gandu gida-gida, in an ɗaure wani sauran su riƙe masa 'ya'ya. Girbin da ya biyo baya ya sa gwamnati ta bi sawunsu. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, 'yan kwaminis sun hau mulki ta akwatin zaɓe a 1957, sun sauka, sun sake hawa, sun raba wa manoma ƙasa, sun gina makarantu da asibitoci, ba su gina sansanin azaba ba. Littafin da suka karanta ɗaya ne da na Stalin. Bambancin shi ne akwai kotu da jarida da ranar zaɓe a kansu.

Kada kuma mu ɗauka cutar ta masu jar tuta ce kaɗai. Cinikin bayi da aikin tilas na mulkin mallaka ba 'yan gurguzu suka yi su ba. A nan gida, hukumomin sayen amfanin gona sun shafe shekaru suna sayen gyaɗa da auduga a farashin da suka yanke, ƙasa da na kasuwar duniya, da sunan tanadi don manomi, har aka rushe su a 1986. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ƙasa amana ce ta jama'a, sannan ta danƙa amanar a hannun gwamna. A Afrilun 1980, lokacin Jega da Aliero da Maiyama na cikin Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye. Babu ɗan kwaminis ko ɗaya a cikin masu ba da umarni. Akwai dai iko mai cewa don talaka yake yi, da talakan da ba shi da wurin kai ƙara.

Saboda haka duk wanda ya zo da maganar a tara dukiya wuri ɗaya don amfanin kowa, ko ƙungiyar manoman albasa ce mai son gina ma'ajiya don kada a riƙa sayarwa a wulaƙance, ko kwamitin rabon taki, ko jam'iyya mai neman ƙasa duka, a saurare shi, domin sau da yawa gaskiya ya faɗa: manomi shi kaɗai ba ya iya ja da dillali. Amma kafin a zuba buhun farko, a tambaye shi wa zai riƙe littafin, kuma a gaban wa za a karanta shi. A tambaye shi ko wanda ya gaji zai iya ɗaukar kasonsa ya fita. A tambaye shi yadda ake sauke shugaba ba tare da an zubar da jini ba. In ya ɓata rai, an sami amsa.

Idan ruwan fari ya sauka, yaron nan zai bar Aliero ya koma Maiyama, ya shiga gandun mahaifinsa da safe. Da la'asar zai saɓa fartanya ya nufi gayaunarsa. Damin da zai samu a can ba zai fitar da shi daga talauci ba, dubu shidan nan kuma har yanzu ba wanda ya ba shi bayaninta mai gamsarwa. Wannan bashi na nan a kan duk wanda ya ce Marx ya mutu da tambayarsa. Amma da wannan 'yar gona yake iya duban mahaifinsa, ko mai gonar albasa, ya ce a'a, ya kuma ci tuwo a daren.